KOGIN VLTAVA NA ƘASAR CEK: HANYARSA DA ASALIN SUNANSA

Yau za mu leƙa tsakiyar nahiyar Turai mu ga wani kogi da aka raɗa wa suna fiye da shekara 1,500 da suka wuce, suna mai ma'anar "kangararren ruwa". Ƙabilun da suka raɗa sunan sun daɗe da tashi daga wurin. Waɗanda suka gaje su sun ci gaba da kiran sunan har ma'anarsa ta ɓace musu. Amma kogin bai bar halinsa ba, domin a shekarar 2002 ya tashi mutum wajen 50,000 daga gidajensu a babban birnin ƙasar kaɗai.

Masu kogin suna rubuta sunansa Vltava. A baki kuwa yana fita kusan kamar a ce "Biltaba", don haka saboda sauƙin karatu Biltaba za mu riƙa rubutawa. Maƙwabtansu Jamusawa suna ce masa Moldau.

ƘASAR DA KOGIN YAKE

Biltaba yana cikin Jamhuriyar Cek. A da wannan ƙasa tana haɗe da Silobakiya a ƙarƙashin suna ɗaya, watau Cekosilobakiya, har zuwa ranar 1 ga Janairu 1993 da suka rabu cikin lumana. Ƙasa ce wadda ba ta da bakin teku. Tana iyaka da Jamus da Polan da Silobakiya da Ostiriya. Babban birninta shi ne Firag, wanda 'yan ƙasar ke kira Praha.

Sashen yamma na ƙasar ana kiransa Bohemiya. In mutum ya dubi taswira zai ga Bohemiya kamar akushi take: duwatsu sun zagaye ta, tsakiya kuma ta yi kwari. Kusan duk ruwan da ya sauka cikin wannan akushi ƙofa ɗaya gare shi ta fita, ita ce inda kogin Elbe ya keta duwatsun arewa ya shiga Jamus.

Biltaba shi ne kogi mafi tsawo a ƙasar, tsawonsa kilomita 430. Amma ba ya kai kansa teku. Masana labarin ƙasa suna kiran irinsa reshe, watau kogin da ke juye ruwansa cikin wani kogi, kamar yadda Binuwai ke juyewa cikin Neja a Lokoja. To, Biltaba reshen kogin Elbe ne.

DAGA INA YA TASO?

A kudu maso yammacin ƙasar, kan iyaka da Jamus da Ostiriya, akwai jerin duwatsu masu kurmi da ake kira Shumaba. Wuri ne mai yawan ruwan sama da dusar ƙanƙara, ga fadamu masu laka da ke riƙe ruwa kamar soso. A gefen wani dutse mai suna Cherna Hora, watau Baƙin Dutse, akwai wani ɗan idon ruwa mai tsayin mita 1,172 bisa teku. Nan ne mafarin Biltaba. Ƙoramar da ke fita daga nan, yaro ma ya tsallake ta. A zamanin mulkin kwaminis wurin yana cikin yankin iyaka da aka hana jama'a shiga, sai bayan 1989 aka buɗe shi. Yanzu mutane suna zuwa a ƙafa ko a keke domin su gan shi.

Wannan ƙorama ita ce Biltaba Mai Ɗumi. Akwai 'yar'uwarta, Biltaba Mai Sanyi, wadda ta taso daga tsallaken iyaka, a jihar Babariya ta Jamus. Biyun suna haɗuwa a wata babbar fadama, daga nan kogin ya zama ɗaya.

Duwatsun Shumaba suna da wani abin lura. Su ne tudun da ke raba ruwa a wannan sashe na Turai. Ruwan da ya sauka a gefensu na arewa yana bin Biltaba da Elbe har Tekun Arewa. Wanda ya sauka a ɗaya gefen kuwa yana gangarawa kogin Danub, ya ƙare a Bahar Aswad, can gabas mai nisa.

HANYAR DA YAKE BI

Da farko kogin yana nufar kudu maso gabas, kamar zai fita ƙasar ya shiga Ostiriya. Sai duwatsu suka tare shi, ya yi kwana ya fuskanci arewa, bai sake juyawa baya ba. Yana ratsa tsohon garin Cheski Kurumlob, inda ya yi lanƙwasa ya kusa zagaye garin gaba ɗaya. Daga nan sai birnin Cheske Budeyobise, inda ƙasa ta baje, kogin Malshe kuma ya shigo masa.

Bayan wannan fili kogin yana shiga wani dogon kwazazzabo mai zurfi tsakanin duwatsu. A kan wannan hanya manyan rassansa guda huɗu suke iske shi ɗaya bayan ɗaya. Luzhinise ya zo daga gabas. Otaba ya zo daga yamma, suka haɗu a gindin tsohuwar fadar Zibikob. Sazaba ya zo daga gabas. Na ƙarshe shi ne Beronka, wanda ya tattaro ruwan yammacin Bohemiya ya kawo shi daidai ƙofar Firag ta kudu. Mai karatu ya riƙe sunan Beronka, za mu dawo kansa.

A cikin Firag kogin yana tafiyar wajen kilomita 30, gadoji fiye da 15 sun haye shi. Da ya fita birnin sai ya shiga shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma, ya isa garin Melnik, inda tsayin ƙasa bai wuce mita 156 bisa teku ba. Ke nan daga ido zuwa baki ruwan ya gangaro fiye da mita 1,000. Faɗin ƙasar da ke tara masa ruwa ya kai murabba'in kilomita 28,090, kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗin ƙasar Cek.

INDA BABBA YA BI SUNAN ƘARAMI

A Melnik ne Biltaba ya haɗu da Elbe, wanda 'yan ƙasar ke kira Labe. Bisa al'ada, in koguna biyu suka haɗu, wanda ya fi tsawo da yawan ruwa shi ke ci gaba da sunansa. A nan ba haka aka yi ba. Lokacin da suka haɗu Biltaba ya yi tafiyar kilomita 430, Elbe kuwa bai kai 300 ba. Ƙasar da ke tara wa Biltaba ruwa ta ninka ta Elbe sau biyu.

Haka kuma wajen yawan ruwa. Masana suna auna ruwan kogi da kubik mita. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, watau cikin durom biyar. A matsakaicin lissafi Biltaba yana kawo wajen kubik mita 150 a kowane sakan, Elbe kuwa wajen 100. Duk da haka, daga Melnik zuwa Dresden da Hamburg har Tekun Arewa, Elbe ake ce wa kogin.

Dalili biyu ake bayarwa. Na farko, ga idon mai kallo Elbe ne ya miƙe cikin babban kwari, Biltaba kuwa ya shigo daga gefe kamar baƙo. Na biyu, sunan Elbe ya riga ya shahara. Rumawa sun san shi da sunan Albis tun shekara dubu biyu da suka wuce, sun kuma rubuta shi cikin littattafansu. Kafin a zo ga auna tsawon koguna da yawan ruwansu, suna ya riga ya kama bakin mutane.

ASALIN SUNAN

Domin a gane sunan Biltaba sai a san waɗanda suka zauna a ƙasar bi da bi. Kafin haihuwar Annabi Isa wata ƙabila mai suna Boyi ce a wurin, daga sunanta aka sami Bohemiya, watau gidan Boyi. Gab da shekara ta farko ta Miladiyya ƙabilun Jamusawan da, musamman Markomani, suka shigo suka zauna. A ƙarni na 6 kuma Silabawa suka iso daga gabas. Su ne kakannin Cekawan yau, kuma danginsu ɗaya da mutanen Polan da Rasha.

Masana harshe suna cewa sunan kogin ya fito daga kalmomi biyu na tsohon harshen Jamusawan nan: wilt da ahwa. Wilt ana faɗarta ga abin da ba shi da horo, kamar dabbar daji. Ahwa kuwa ruwa mai gudu, kuma 'yar'uwar kalmar aqua ce ta Latin, harshen Rumawa. In aka haɗa su sai a sami "kangararren ruwa". Da Silabawa suka zo sun tarar da sunan a bakin ragowar mazauna wurin, suka karɓe shi suka lanƙwasa shi yadda harshensu zai iya, ƙarshen kalmar ya koma ava. Wannan ƙarshe ana jin sa a sunayen wasu kogunan ƙasar, kamar Otava da Sazava da Morava, in an bi rubutun masu su.

Tsofaffin rubuce-rubuce sun nuna yadda sunan ya yi ta sauyawa. A wani littafin tarihi da limaman Kirista suka rubuta a Jamus, cikin labarin shekarar 872, an kira kogin Fuldaha. Labarin na wani yaƙi ne tsakanin rundunar sarkin Jamusawa da sarakunan Cekawa, inda wasu daga cikin mayaƙan Cekawa suka nutse a kogin. Ke nan farkon shigar sunansa littafi ma tare da labarin cin mutane ya shiga. A 1113 an rubuta shi Wultha. Wani limami na Firag mai suna Kosmas, wanda ya rasu a 1125, ya rubuta tarihin ƙasar da Latin, a ciki ya kira kogin Wlitaua. Wannan ya yi kusa ƙwarai da yadda ake faɗa yau.

To, ina Moldau ya fito? A ƙarni na 13 wasu Jamusawa suka sake shigowa Bohemiya domin noma da haƙar ma'adinai da ciniki. Sun ji sunan a bakin Cekawa, ba su gane cewa asalinsa kalmar kakanninsu ce ba. Harafin farko ya juye musu ya zama "m", a hankali sunan ya koma Moldau. Saboda haka Vltava da Moldau suna ɗaya ne, ya bi ta baki biyu.

SUNA LINZAMI

Wanda ya san kogin a da ba zai yi mamakin sunan ba. A sama, kusa da garin Bishi Burod, ruwan yana kutsawa tsakanin manyan duwatsu a wurin da ake kira Guguwar Shaiɗan. Kusa da Firag kuma akwai wani wurin mai haɗari da aka raɗa wa sunan waliyi Yahaya. Duk da haka kogin shi ne babbar hanyar fataucin ƙasar ɗaruruwan shekaru. Masu saran itace a Shumaba sukan ɗaure gumagumai su zama dogon dandamali, su hau su tuƙa shi har Firag, wani lokaci har Jamus. Gishirin da ake kawowa daga Ostiriya kuma a Budeyobise ake loda shi cikin jiragen ruwa. Mai kiɗan nan Bedrik Simetana ya tsara wani shahararren kiɗa mai sunan kogin a 1874, jim kaɗan bayan ya kurumce, inda sautin ke bin ruwan tun daga ƙoramu biyu, ya ratsa wurin haɗarin nan, ya iso Firag.

Birnin Firag ya sha hannun kogin. Kosmas ya ba da labarin babbar ambaliyar 1118. A watan Fabrairu 1342 ruwa da ƙanƙara suka rushe gadar dutse ta farko ta birnin, Gadar Yudit. A 1357 Sarki Karel na Huɗu ya sa aka fara gina wata a madadinta, mai tsawon mita 516 da ƙofofin ruwa 16 masu siffar baka. Ita ce Gadar Karel da ke tsaye har yau. Ita ma ambaliyar 1432 da ta 1784 sun yi mata lahani. A watan Satumba 1890 ruwa ya tsinko gumagumai ya jibge su a jikinta, suka toshe hanyar ruwa, ƙofofi uku suka rufta.

Mutanen da suna da nasu ma'aunin. A bangon bakin kogi kusa da gadar akwai kan wani mutum mai gemu da aka sassaƙa da dutse, ana kiransa Bradach, watau Mai Gemu. In ruwa ya taɓa gemunsa, mazauna tsohon gari sun san lokacin kwashe kaya ya yi.

AN ƊAURE KOGI

Daga 1930 zuwa farkon shekarun 1990 an gina madatsun ruwa tara a kan Biltaba, mafi yawansu domin samar da lantarki. Tafkin Lipno da aka gama a 1959 shi ne mafi faɗi a ƙasar, kusan murabba'in kilomita 49. Na Orlik da aka gama a 1961 shi ne mafi yawan ruwa, kubik mita miliyan 700 da ɗoriya, bangonsa kuma ya kai tsayin mita 91. Fadar Orlik wadda a da take can ƙololuwar dutse, yanzu ruwa ya kusa gindinta.

Madatsun sun sauya kogin. An tashi ƙauyuka da yawa, ruwa ya rufe gonakinsu. Wurin haɗarin nan na kusa da Firag ya nutse ƙarƙashin tafki. A Lipno an karkatar da ruwan ta wani rami cikin ƙasa zuwa injinan lantarki, Guguwar Shaiɗan ta koma duwatsu da ɗan ruwa kaɗan. Sana'ar tuƙa gumagumai ta mutu. A watan Yuli 1954 aka yi ambaliya daidai lokacin da tafkin Silapi yake sabo bai cika ba, ya shanye ruwa mai yawa, Firag ta sami sauƙi. Daga nan mutane da yawa suka ɗauka an gama da kangararren ruwa. Shekaru suka yi ta wucewa ba a ga babbar ambaliya ba, aka yi ta gine-gine a wuraren da magabata suka bar wa kogi.

AMBALIYAR 2002

A watan Agusta 2002 aka yi ruwan sama kamar da bakin ƙwarya a kudancin Bohemiya, sau biyu cikin mako guda. Na farko, ranakun 6 da 7 ga wata, ya jiƙe ƙasa sharkaf, ya cika ɗan wurin da ya rage a tafkunan. Na biyu, daga 11 zuwa 13 ga wata, ya sauka a kan ƙasar da ba ta iya shan ko ɗigo. Madatsun ba su da inda za su zuba shi, dole aka bar shi ya wuce. Bugu da ƙari, kogin Beronka ba shi da babbar madatsa a kansa, kuma cikarsa ta iso ƙofar Firag kusan lokaci ɗaya da ta Biltaba.

Ranar 14 ga Agusta ruwan da ke wucewa ta Firag ya kai wajen kubik mita 5,160 a sakan ɗaya, watau durom fiye da 25,000, ninki talatin da ɗoriya na abin da aka saba. Unguwar Karlin ta nutse, wasu gidajenta suka rushe. Ruwa ya cika ramukan jirgin ƙasa na ƙarƙashin birni, sai a watan Maris 2003 aka gama buɗe su duka. A gidan namun daji an rasa wata giwa, wani zakin teku mai suna Gaston kuma ruwa ya tafi da shi har Jamus. A faɗin ƙasar mutum 17 suka rasu, an kwashe fiye da 200,000, hasarar dukiya ta kai wajen koruna biliyan 73, kuɗin ƙasar. Ruwan ya bi Elbe ya fita ta ƙofar nan ɗaya ta arewa, ya yi wa Dresden irin wannan ɓarna.

Gadar Karel ta tsaya, domin an ajiye injina a kanta suna janye itatuwa da tarkace kafin su taru. Tsohon gari ma ya tsira, albarkacin wani shingen ƙarfe da aka tanada, wanda ake harhaɗawa a bakin kogi cikin sa'o'i kaɗan in an ga alamar ruwa, a kwance shi in ya janye.

Bayan wannan, hukumar birnin ta tsawaita kariyar har kusan kilomita 20, da bango da jingar ƙasa da irin wannan shinge. An gyara hanyoyin hasashen ruwa da na sanar da jama'a, an tsaurara dokar gini a hanyar ambaliya, an kuma ƙara wurin da ake bari babu ruwa a tafkin Orlik domin jiran ko-ta-kwana. A watan Yuni 2013 kogin ya sake tasowa, ya kai wajen kubik mita 3,000 a sakan. An yi hasara a wasu unguwanni da ƙauyuka, amma tsakiyar birni ba ta nutse ba.

Har yanzu Mai Gemu yana nan a bangon bakin kogi, masu yawon buɗe ido suna leƙa shi daga cikin kwale-kwale. Mazauna Firag kuwa, in an kwana biyu ana ruwa a Shumaba, sukan kasa kunne ga rediyo su ji kubik mita nawa ke tafe.